Surukina yana ruɓewa a kan tabarma, ni kuwa ina cika takarda

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni magidanci ne daga wani ƙauye wajen Kwaya. Tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, noma nake da kabu-kabu, sai bara na samu wuri a wata formasiyo a Magaria, inda ake koya mana kula da tsofaffi da naƙasassu a gidajensu: yadda ake juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a wanke shi, a motsa masa gaɓoɓi, a duba bayansa kada kwanciya ta huda shi. Madam ɗin da ke koyar da mu kullum sai ta ce, "Wanda ba ya iya juyawa da kansa, in ba ku juya shi ba, tabarma za ta ci naman bayansa." Wallahi na iya aikin, ni ake kira gaban aji in nuna wa saura.

Da lokacin sitaj ya zo, wato fita gwada aiki a zahiri, aka ce kowa zai riƙa bin gidajen marasa lafiya yana cika takardar ziyara. Ni da bakina na roƙi ƙauyen su matata, don hawan jini ya kayar da babanta bayan girbi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ban gaya wa Madam surukina ne ba. Har cika baki na yi wa matata, na ce ta gaya wa innarta a daina kiran maƙwabcin da ke taya su ɗaga shi, hannun da bai koya ba zai iya karya tsoho, a bar mini. Suka kuwa bar mini.

Ranar farko ina yin sallama surukuwata ta fice zuwa maƙwabta, kamar yadda ta saba in na zo. Na cire takalmi tun daga zaure, na shiga na durƙusa, na ce, "Baba, zan ɗan juya ka in duba bayanka." Sai ya sa hannunsa mai lafiya ya ja bargo har wuya, ya kau da fuska wajen bango, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Malam, mijin ɗiyata ne kai. Zauna daga can." Jama'a, sai na ja da baya. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, wanda in na hango shi a kasuwa nake sake hanya, shi zan kwance wa wando? Na zauna bakin ƙofa muka yi hirar gero da gyaɗa. Da na fito na ciro takarda, inda aka rubuta an juya shi na sa alama, inda aka rubuta an duba fata na sa alama. Na ce gobe zan yi. Goben nan yau mako shida ke nan.

Talatar da ta wuce na je da hantsi na tarar yana barci, ƙudaje sun cika ɗakin, ga wani wari da na sani don an kwatanta mana shi a aji. Na ɗaga gefen bargon a hankali. Innalillahi! Rami ne a ƙasan bayansa, tabarma ta manne da shi, jikinsa zafi rau. Ya farka ya gan ni, bai yi faɗa ba, wuyan hannuna ya kama ya ce, "Ka rufa mini asiri tun farko, Allah ya rufa naka. Kada ka bari a ɗora ni a amalanke a kai ni likita, ƴan mata sa'annin jikokina su tuɓe ni." Kun san me na ce? "To, Baba." To! Ni da aka koya wa cewa irin wannan gyambon kisa yake yi.

Na koma gida matata ta tare ni da fura, tana cewa, "Malam, Inna ta ce in gaishe ka, ta ce ko ɗan da suka haifa bai yi musu abin da kake yi ba." Na ajiye furar nan ban sha ba.

Alhamis Madam za ta zo duba aikina, ni zan zaɓi gidan da zan kai ta. Ina da wasu gidaje biyu da na yi aikin gaskiya a cikinsu. In na kai ta can, difilom ɗina na kammala karatu ya tabbata, tsohon kuwa ya ci gaba da ruɓewa. In na kai ta wurinsa ta ɗaga bargon nan, ga takardata cike da alamu, difilom ya tafi, wannan da sauƙi. Amma da wane ido zan dubi matata? Shi kuma na ce masa to. Ban ma sani ba ko jikinsa zai jira Alhamis ɗin.

Jiya na sake zuwa da sabulu da tsumma a jaka, na yi niyyar ko zai tsine mini sai na wanke shi. Na durƙusa, ya sa mini albarka, na ce amin, na taso da sabuluna ko jiƙewa bai yi ba.

Don girman Allah, me zan yi?