Akwatin Gilashin Yayanku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne mahaifinku Zailani, na unguwar Kwarbai a cikin birnin Zariya, tsohon malamin kimiyya a sakandare. Da hannuna nake rubuta wannan, ina cikin hankalina sarai, ba wanda ya tilasta ni. Jikin ne kawai ya ƙi. Likita ya ce za a yi mini aiki a ciki mako mai zuwa, kuma yadda ya kawar da kai yana faɗa ya ishe ni bayani. Tun safe nake zama ina tashi. A ɗaki na fara takardar nan, na koma zaure, yanzu ga ni a gindin lemo, har yanzu wuri bai karɓe ni ba. Abdulwahab, Batulu, Ibtisam, ku zauna ku karanta tare. Kada ɗaya ya karanta ya ba sauran labari.

1. Gado ba zan sa masa baki ba. Allah ya riga ya raba, ku kira malamai su bi abin da ya ce. Gidan nan ya tsufa, soron baya ya tsage tun damina biyu da suka wuce, na san ƙarshensa sayarwa. Ban hana ba.

2. Akwatin gilashin da ke zaure, da shuke-shuken da ke cikinsa, da dodannin koɗin da ke yawo a ciki, ba sa cikin gado. Na ba yayanku kyauta a gaban liman da maƙwabcinmu, ya karɓa. Kun san ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Yau dole ta sa zan rubuta sau ɗaya don kada a yi gardama: na Auwal ne.

Ibtisam, ke kina makaranta lokacin, ba ki ga farkon abin ba. Da aka karɓo yayanku daga hannun masu garkuwa da mutane, jikinsa ne ya dawo mana. Ba ya magana. Ya juya wa ƙofa baya a ɗakinsa, abinci sai an sa masa a hannu. Auren da aka sa masa rana ya watse. Mahaifiyarku Adama ta yi ta kuka da addu'a har Allah ya karɓi ranta ba ta sake jin muryarsa ba.

Bayan rasuwarta ne abokina Malam Wilfred na Wusasa, wanda muka koyar a makaranta ɗaya, ya zo mini da wata babbar kwalba. Ruwa ne a ciki, da 'yar ciyawar ruwa, da ƙananan dodannin koɗi. Ya ce ya ga na rasa abin yi, in riƙa kallo. Na ajiye a tagar zaure na manta. Wata rana na dawo daga la'asar na tarar da yayanku a tsugune gaban kwalbar. Ban yi motsi ba. Can sai ya ce, "Baba, wannan ya kife." Ya zari tsinken tsintsiya ya juya shi a hankali. Na jingina da bango ina kallonsa. Daga kwalbar nan muka kai ga akwatin gilashi, daga nan ya fara zuwa aski, ya fara fita masallaci.

3. Ba zai zauna shi kaɗai ba, kuma ba za a kai shi ƙauye wurin mai magani a ɗaure shi ba, ko wa ya kawo shawarar. Batulu, na yi magana da mijinki Malam Bahago, ya ba da ɗakin da ke kusa da zaurenku a Ƙofar Gayan. Allah ya saka masa. Amma kada ku kwashi yayanku ku kai shi ɗaki wayam. Sai an haɗa masa sabon akwati a can, ya zauna tukuna.

4. Ga yadda za ku haɗa shi. Na so in yi da kaina, har na sa mai gilashi ya yanka ya liƙe, yana ƙarƙashin gadona. Lokaci ne ya ƙure mini.

Ku ɗora shi a kan tebur mai ƙarfi, kusa da taga, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Idan rana ta yi masa yawa, gansakuka za ta rufe gilashin, ruwan kuma ya yi zafi. Ku samo yashi mai laushi da 'yar tsakuwa, ku yi ta wankewa da ruwa zalla har ruwan ya daina yin duhu. Ban da sabulu, ban da omo, ko a hannun mai wankin. Ku shimfiɗa yashin kaurin yatsu biyu. Ku daka ɓawon ƙwai da aka tafasa ku barbaɗa a ƙasa, shi ke ƙarfafa wa dodannin koɗinsu. Idan babu, sai ku ga koɗin ya yi fari yana zaizayewa.

Ruwan rijiyarku ya fi. Idan na famfo ne, a bar shi a buɗe ya kwana biyu, maganin da ake zuba masa ya fita. Ku sa faranti a kan yashin ku zuba ruwan a kansa don kada ya tone. Sannan shuka: ku bar yayanku ya tsinko daga tsohon akwatin ya dasa da hannunsa, ya fi ku sanin wadda ake binne wa saiwa da wadda ake bari ta yi yawo a sama. Kainuwa kaɗan ta isa, tana saurin cika wuri. Ku ɗebo yashi cikin tafi daga tsohon ku zuba a sabon.

Sai ku jira. Nan ne nake jin tsoronku, don dukkanku gaggawata kuka ɗauko. Ruwan zai yi hazo kamar an ɗiga madara, daga baya ya washe. Sai shukar ta fitar da sabon ganye, makonni kaɗan ke nan, sannan a kawo dodannin, 'yan kaɗan da farko. A tsakanin nan Ibtisam ta zauna da shi a gidan nan, a riƙa kai shi yana duba shukarsa, ya saba da hanya da ɗakin.

Na tsallake maganar murfi. A sa masa raga a sama, dodannin suna hawowa su faɗo.

5. Abincinsu ganyen alayyafo ne da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa, ko yankan gurji, ɗan mitsitsi. Abin da ya kwana ba su ci ba a cire. Duk mako a rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a mayar da sabo. Idan kuka ga duk sun taru a saman gilashi suna neman fita, ruwan ya ɓaci, kada a jira gobe. Kada yaran gida su kamo na kududdufi su zuba don su faranta masa. Na kududdufi na iya ɗauke da tsargiya. Kuma har abada kada a fesa maganin sauro a ɗakin.

6. Wannan ya kawo ni kanku, Abdulwahab da Batulu. Tun Sallar bara ba kwa gaisawa. Abdulwahab ya zo daga Kaduna, ya ga sauro ya addabe ni a zaure, ya fesa magani ya rufe ƙofa. Da gari ya waye fiye da rabin dodannin sun mutu, yayanku ya koma ɗaki ya sake yin shiru kusan wata guda. Batulu, kika ce da gangan ya yi, don ya sha faɗin cewa kiwon dodon koɗi ƙazanta ne kuma mutane na yi da mu. Ya faɗa, ban musa ba. Amma ina wurin. Ni na yi ƙorafin sauro, shi kuma bai sani ba. Na gan shi bayan gida yana share hawaye, ke ba ki gani ba. Ki janye maganarki. Kai kuma Abdulwahab, kiran da ka yi wa ƙanwarka mai neman suna da jinya, ka je har gidanta ka ba ta haƙuri. Kai za ka ɗauki sabon akwatin a motarka, kai za ka wanke yashin, a tsakar gidanta. Kada ka aiko direba.

7. Gilashin ƙara girman abu da ke aljihun rigata ta Juma'a na Malam Wilfred ne, aro na yi. Ku mayar masa, ku gaishe da matarsa Malama Kezia. Duk abin da ya shige muku duhu game da akwatin, shi za ku tambaya. Ya yi mini alƙawarin zai riƙa leƙowa. Idan ya zo ku karɓe shi kamar ni.

8. Ibtisam, littattafaina ki riƙe su idan 'yan'uwanki sun yarda. Ranar asibitin yayanku da maganinsa suna wuyanki. Kada wani ya ce miki ai ya warke a daina. Dodon koɗi ba magani ba ne, abin da ke fito da shi daga ɗaki ne kawai.

9. Idan ta Allah ta kasance, kada ku ɓoye masa, kada ku ce na yi tafiya. An taɓa ɗauke shi ba a gaya masa inda za a kai shi ba, ba za a sake yi masa haka a gidana ba. Ku faɗa masa a fili. Ku tsayar da shi a sahun gaba, shi ne babba. Ban san yadda zai ɗauka ba, kuma wannan rashin sanin ne ya hana ni zama wuri ɗaya yau.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jinƙanku, ya jiƙan mahaifiyarku, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Kada sayar da gidan nan ya zama sayar da zumuncinku. Duk Juma'ar da ta samu ku haɗu a gidan Batulu ku ci abinci a kwano ɗaya, da yayanku a tsakiya. Wata rana zai yi muku hira har ku yi mamaki. Wata rana kuma ba zai ce komai ba. Ranar da ya yi shiru, ku zauna tare da shi a haka, kada ku tashi da wuri.

Mahaifinku,
Zailani