Lamba Ɗaya a Fankar Mama

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki. Fankar marigayiya Mamanku ce ta fara taurin kai. In na danna ɗaya sai ta yi ta gurnani, ba ta juyawa sai na tura fiffiken da yatsa. Jiya ta rama, ta yanke ni. Yayanki ya rantse ranar Asabar zai jefar da ita ya kawo sabuwa. Ke da kike gyaran kayan wuta, ki cece ta. Ba na son sabuwa, ƙarar wannan na saba da ita.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Don Allah ka raba yatsanka da fankar nan! Tsufa ne kawai. A ɗaya wuta kaɗan ke shiga mata, ba ta isa ta tashe ta. Ka zare ta daga soket, ka goge ƙurar, ka ɗiga man keken ɗinki inda sandar ke juyawa. Sannan ka fara da uku, in ta ɗau gudu ka sauko ɗaya. Na yi wa Yaya magana, ya ce in ta tashi ya haƙura.

Taka,
Auta

Auta,

Sannu da ƙoƙari. Na goge, na ɗiga mai, amma ukun nan ban danna ba. Mamanku ba ta son iska mai ƙarfi. Tunda muka sayi fankar nan a ɗaya take barin ta, ba zan canza mata tsari ba.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi dariya, sannan na yi kuka. Mama fa uku take so! Kana fita za ta ƙure ta, har ɗankwalinta na tashi. Da ta ji tarinka a bakin ƙofa sai ta ce, "Auta, maza mayar da ita ɗaya, ga mai ƙirjin nan ya dawo." Ta hana mu gaya maka, wai za ka ce a bar ta a uku, ka yi ta tari. Gobe Asabar, Baba.

Taka,
Auta

Auta,

Na danna uku, ta tashi. Yayanki ya koma da sabuwarsa.

Shekara talatin matar nan tana zufa a gefena, ni ina cewa ba ta son iska. Na juya fankar wajen kujerarta, na bar ta a uku. Ni na koma gefe da rigar sanyi.

Ki gaida maigidan.
Babanki