Na Ji Kiɗan Gitata a Waƙar Wani

Tanti Rahama, don Allah ki taimake ni, zargi na neman raba ni da amini.

Ni makaɗin gita ne a nan Tawa, gitar irin mai aiki da lantarki ce. Ba ni da ordinatar, wato kwamfuta, sai abokina Muktari, wanda kuma shi ke auren ƙanwata Fa'iza. A ɗakinsa muke ɗaukar kiɗi: in jona gita da wata ƴar na'ura, ita kuma ta kai sautin cikin ordinatar, shi ya gyara. Da damana munka ɗauki wani kiɗi da na daɗe ina sassaƙawa, ban taɓa kaɗa shi wurin biki ba, ban ma sa masa waƙa ba tukuna. Muktari ya ce in bari ya tace shi.

Ran kasuwa ina bisa kabu-kabu sai na ji kiɗin nan yana tashi daga wata tireda, wani mawaƙi wai shi Illa ya ɗora muryarsa a kai. Tanti, ba kama ba ce. Wayar da nake jona gitata da ita ta tsufa, in na motsa takan yi ƙara, kuma ƙarar tana nan daidai inda na san ta. Hannuna ne. Ko sunana ba a ambata ba.

Tun ranar komi Muktari ya yi sai in ga alama. Ya sa wa ordinatar lambar sirri. Na tambaye shi kiɗin, ya ce bai gama ba, yana kallon ƙasa. An ce an ga Illa a unguwarsu. Har Fa'iza na fara tunanin ta sani, ko ni ne ke ganin haka? Ban yi masa maganar waƙar ba, ina tsoron taɓa aurensu. Amma na daina zuwa, gita ma na rataye ta. In tunkare shi, ko in haƙura?

Mai gita, Tawa

Ɗana mai gita,

Abin da ya same ka da ciwo, kuma na yarda kunnenka bai ruɗe ka ba. Kiɗinka ya fita. Sai dai yadda ya fita ne ba ka sani ba, ka riga ka yanke wa Muktari hukunci. Mai yiwuwa ya bayar. Mai yiwuwa kuma ya tura wa wani don ya yi alfahari da kai, ko ya kai ordinatar gyara aka kwashe. Wanda aka yi wa ɓarna a hannunsa ma yakan sa lambar sirri, yakan kuma kasa kallon mutum.

Ka je ku zauna ku biyu, ka kunna masa waƙar, ka yi shiru ka bar shi ya yi bayani. Kada ka sa Fa'iza a ciki. In ya amsa laifi, ku tafi wurin Illa tare da wani babba cikin makaɗa, a sanya sunanka ko a janye waƙar. In ya ce bai sani ba, ya raka ka ku bi sawu, a nan za ka gane gaskiyarsa.

Daga yau duk abin da kuka ɗauka, ka tashi da naka a waya kafin ka bar ɗakin. Kuma ka koma ga kiɗinka, shirun nan kai kaɗai yake cuta.

Allah ya bayyana gaskiya, ya bar zumunci.

Tanti Rahama