Duhun da Rigima Ta Saka a Fim

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Tunda har yanzu waya ba ta shiga a dajin da kuke gina gadar nan, ga wasiƙa ta hannun direbanku.

Zauna kafin ka karanta. Fim ɗin da na ɗauka bara ya shiga gasa, kuma sunana yana cikin waɗanda ake sa ran ba kyautar ɗaukar hoto. Ni, Autar da ka koya wa riƙe kyamara kana cewa hannuna rawa yake kamar na mai zazzaɓi! Alƙalan sun rubuto cewa abin da ya burge su shi ne ƙarfin halina na barin duhu a hoton. Ban gane wane duhu suke nufi ba, amma yabo ne, na karɓa. Saura a haska fim ɗin a sinima gaban jama'a, a can za su yanke hukunci.

Saƙon ya same ni ina durƙushe ina ciro cokali daga ƙarƙashin firij. Na yi ihu, jaririna ya firgita ya fashe da kuka, 'yata Rigima kuma ta tambaye ni ko kyautar da alawa a ciki. Ta cika shekara huɗu, bakinta ya fi na da. Baban yara yana can asibiti wurin aiki, sai da ya dawo muka yi murnar tare.

Ina gaishe ka da kyau.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Aminci ya tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa duk wanda ya tsaya, har da waɗanda ba su tambaya ba. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ki ɗauko ta.

Ina tunatar da ke dai, ranar da za ki hau dandamali, ki ambaci wanda ya fara nuna miki inda ake danna maɓalli. Ba yabo nake nema ba, gyaran tarihi ne. Kuma ki sayi takalmi mai kyau, kada ki je da wannan na wurin ɗaukar fim da ya buɗe baki.

Ki gaishe da mai gidan, ki ja mini kunnen Rigima kaɗan.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa. Kunnen Rigima kuwa ya kusa jawuwa da gaske.

Na je sinimar don a gwada fim ɗin a babban allo. Yaya, da aka kunna, me zan gani? Baƙi ƙirin! Akwai wurin da Gwaggo, tsohuwar da ta fito a uwar jarumin, take zaune bakin taga bayan ɗanta ya tafi. Ba ta cewa komai, leɓenta na ƙasa ne kawai yake motsi. Don wannan leɓen na hana kowa sakat ranar, muka zauna jiran rana ta karkato ta tagar. A allon sinima babu leɓe, babu ido, sai inuwar mutum.

Na dawo gida na buɗe kwamfutata, ga fuskar Gwaggo tas. Ina cikin mamaki Rigima ta hayo cinyata ta ce, "Mama, bari in ƙara miki haske." Ta danna maɓallin hasken allo da ɗan yatsanta, ya ƙi ƙaruwa, don yana ƙarshe. Na ce wa ya koya mata. Ta ce, "Ni na iya. Kullum ina yi in zan kalli katun."

Ka gane ko? A gida na yi gyaran kalar fim ɗin, tsakanin goyo da wanki, a kwamfutar da nake ba ta don ta bar ni in shayar da ƙaninta. Allon yana ƙyalli fiye da kima, ni kuwa ina ta rage hasken hoton don ya daidaita a idona. Darakta ya gani ya ɗauka salo ne, bai ce komai ba. Ƙarfin halin da alƙalai suke yabo na Rigima ne.

Dokar gasar ta yarda a kawo kwafi na ƙarshe kafin ranar haskawa. Zan sake gyaran daga farko.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, sannan na dawo hayyacina na ji tsoro. Don Allah ki bar fim ɗin nan yadda yake.

Duhun suka gani, duhun suka yaba. Ki kai musu haske su ce ba wannan suka zaɓa ba. Babu wanda kika cuta, hannunki ne ya yi aikin, ko da idonki aka yaudara. Kin san shekarun da kika yi ana miƙa miki jakar kyamara maimakon kyamarar, ana tambayar ina mai ɗaukar hoton alhali kina tsaye. Wannan kyauta ce za ta rufe bakunan nan. Ki karɓa tukuna, fim na gaba ki haska shi yadda kike so.

Na san taurin kanki, shi ya sa nake roƙo ba umarni ba.
Yayanki mai ƙaunarki

Yayana,

Na gode, kuma na ji zafin da kake ji mini. Ina son kyautar nan, Yaya, ina sonta sosai, har na gwada yadda zan riƙe ta a gaban madubi da kwalbar man shafawa.

Amma Gwaggo ba ta da fim na gaba. Ƙafafunta sun ƙi, ta ce daga wannan ta ajiye. Ta yi wannan zaman bakin taga sau da yawa ba ta yi ƙorafi ba, don na ce mata zan kama abin da fuskarta take yi. Na kama, sannan na binne shi da hannuna. Ba zan hau dandamali a tafa mini a kan haka ba.

Darakta ya yi faɗa, ya ce ina wasa da sunan kamfani. Na kai shi sinimar na nuna masa wurin tagar a tsohon kwafin da kuma wanda na fara gyarawa. Da ya gani ya ce in yi abin da na ga dama, amma in mun faɗi ni na jawo.

Yanzu kullum da safe muna ɗakin gyaran hoto na wani abokin aiki, mai allon da aka daidaita. Jariri a bayana, Rigima a ƙasan tebur da fensir ɗin kala da takardu. Na ce mata in ta taɓa maɓalli ɗaya babu katun har ta yi aure. Ta ce to ba za ta yi auren ba. Jiya jaririn ya yi mini tumbuɗi a kafaɗa daidai lokacin da idon Gwaggo ya fito, ban ko motsa ba sai da na adana aikin. Baban yara ya musanya lokacin aikinsa don ya karɓe su da rana. Za mu gama kafin wa'adi, in sha Allah.

Ka yi mini addu'a, ka daina lallashi.
Auta

Yaya,

Gaisuwa. Ba mu samu ba. Ɗaya daga cikin alƙalan ya tare ni a ƙofa ya ce kwafin farko ya fi masa. Na ce masa na sani. Abin ya yi mini ciwo, kuma na yi kukana a mota.

An kawo Gwaggo a keken guragu, ta zauna kusa da ni. Da wurin tagar ya zo, ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi, idonta a kan allo. Da aka wuce wurin ta juyo ta ce, "'Yar nan, ashe haka nake in na yi shiru?"

Na ce mata haka take.

Ƙanwarka, Auta