Wilkin da Iskar Sabon Fili

Puerto Almendro,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Nélcida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin New York da aka ce ya shigo da wuri bana. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar matata Fior ta yi sauƙi, har ta koma suyar kifinta a bakin hanya. Baba yana nan da rigimarsa. Idon ne ya ƙara rauni, amma baki da kunne garau suke. Ya ce rigar sanyin da kika aiko ta yi kyau, sai dai bai san ranar da zai sa ta a zafin nan namu ba.

Saƙonki ya iso, kuma na gane damuwarki ta uwa. Kin ce takardun tafiyar ɗanki Wilkin sun fito, in zaunar da shi in lallashe shi ya bar wasan besbol, na bugun ƙwallo da sanda, ya zo wurinki ya kama aiki, tunda ya daina ɗaukar wayarki. Bari in ba ki labarin daga tushe, don abin da ake kai miki rabi ne.

Kin san tsohon filinmu na bayan gonakin rake, mai katanga kusa, inda ɗanki ya yi suna da aika ƙwallo cikin raken mutane. To, bana an mai da mu sabon fili a bakin teku. Fili ne mai kyau, da rumfa da fitilu, amma fuskarsa ruwa take kallo. Da la'asar ta yi sai iska ta taso ta riƙa dukan mai bugu a fuska. Wilkin zai maka wa ƙwallo sanda, ki ji ƙara kamar an fasa kwakwa, jama'a su miƙe, ƙwallo ta nufi katanga, sai ta yi turus a sama kamar ta tuna ta yi mantuwa a gida, ta faɗo hannun abokin hamayya. Tun da aka fara kakar wasa bai tsallakar da ko ɗaya ba a gida. Ƙungiyarmu ta Kaguwoyi kuwa tana can ƙarshen layi, ana ta lallasa mu mako bayan mako.

Kullum da yamma a shagon Doña Casilda zancen ke nan a kan teburin wasan domino. Chepe mai acaba ya ce hannun ɗan 'yar'uwata ya zama dafaffiyar ayaba, a ba shi tsintsiya ya share filin ya fi mana amfani. Malam Fabio na makaranta ya ce ƙarya ne, duk ƙwallayen nan da a tsohon fili ne da sun wuce, laifin iska ne. Chepe ya ce ai baƙin ma iskar ce take kaɗa su, amma su suke cin mu. Wannan ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Baba ne ya katse musun daga kujerarsa, ya ce shi da kunne yake kallon wasa, kuma ƙarar sandar jikansa ba ta canja ba.

Yaron ya ji jiki, Nélcida. Yaran unguwa sun laƙaba masa suna Saura-Kaɗan, suna binsa da shi har ƙofar gida. Ya daina zama cin abinci da mu. Fior za ta daka masa ayaba da soyayyar albasa yadda yake so, da safe a tarar da kwanon a rufe. Wayarki da ba ya ɗauka ba raini ba ne. Kunya ce. Ya yi miki alkawari bana masu neman 'yan wasa za su sake kallonsa, ga shi babu wanda ya leƙo.

Makon jiya muka hau garin Constanza wasa. Can kan duwatsu iska ba ta da nauyi, sai ga Wilkin ya tsallakar da ƙwallo biyu, ɗaya har kan rufin wani mai sayar da kabeji. Duk da haka aka ci mu. A mota muna dawowa Chepe ya ce a Constanza ko kakarsa za ta fitar da ƙwallo da muciya. Kowa ya yi dariya, har da Wilkin, amma na ga yadda ya juya yana kallon taga.

Sai ranar Lahadin nan. Ana gabanmu da ci ɗaya, saura bugu na ƙarshe, yaranmu biyu suna tsaye a kusurwa suna jiran wanda zai buɗe musu hanya, kuma Wilkin ne da sanda. Iska tana kaɗa tutoci kamar za ta yage su. Rumfa duka tana ihu ya fitar da ƙwallo waje, ni kuma na rufe ido don na san inda za ta faɗo. Da na buɗe, ashe bai nemi sama ba. Ƙasa-ƙasa ya aika ta, ta ratsa tsakanin mutum biyu tana gudu a ciyawa, yaranmu biyun nan suka shigo a guje ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kawo mana ci ɗaya. Muka ci. Doña Casilda ta rungumi mai sayar da ƙanƙara da ba sa ga maciji. Chepe yana share hawaye yana cewa ai wannan ba bugun maza ba ne.

Da muka koma gida Wilkin ya cinye kwano biyu, sannan ya same ni a tsakar gida. Ban ma ɗauko zancenki ba, shi ya fara. Ya ce, "Kawu, zan tafi wurin Mama. Na san inda ƙarfina ya tsaya. Ni dai ban so in bar garin nan ana ce mini Saura-Kaɗan ba." Ya roƙi a bar shi ya ƙarasa kakar da abokansa zuwa Janairu. Wannan shi ne roƙona gare ki. Ki bar masa watannin nan, kuma ran da ya sauka kada ki ce masa dama kin faɗa. Ki dafa masa abinci kawai.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni, yadda zai gaya wa Baba, tunda shi ke riƙe masa hannu zuwa fili. Ya ce in ɓoye tukuna. Jiya da safe ina miƙa wa Baba kofinsa sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaron zai tafi, ko?" Na sa masa kofin a hannu. Ya ce, "Kada ka gaya masa na sani. In ya ji muryata a kan zancen nan, ba zai tafi ba." Ya kurɓi kofinsa, ya ce daga yau in fara koyon tafiya a hankali, don ni sauri gare ni, ba na faɗa masa inda rami yake.

Ki gaishe mini da maigidanki Rigoberto, da Yaneris da ƙaramar Milagros. Fior tana gaishe ki, haka Doña Casilda. Ki kira Wilkin ranar Asabar, wannan karon zai ɗauka. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Naki, yayanki,
Teófilo