Tsohon Fim Ya Kai Mu Toranke

Gaya, ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Batula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Salahuddeen da yara baki ɗaya. Allah ya kare ku a can Kalaba, ya sa albarka a nemanku, ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An girbe gero, dawa ta sunkuya, wake ne kawai bai yi yadda muka so ba. Gwiwata ta yi sauƙi, har ina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa. Yayanki Badruddeen yana nan a rumfarsa ta kasuwa, iyalinsa lafiya.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya ma mun gaisa a waya. Mahaifiyarki ce ta hana ni faɗa miki da baki. Ta ce maganar ta fi ƙarfin waya, ita kuma ba za ta iya maimaita ta ba, don haka in rubuta, ki karanta a zaune. Kin san sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na koyi boko, hannuna ba ya sauri, yau kwana uku ke nan ina wannan rubutu. Farin ciki ne a ƙarshensa, kada hankalinki ya tashi.

Abin ya faro ne daga 'yarki Kamila ta wajen Badruddeen, jikar nan da nake kira amaryata. Da ta zo hutu daga jami'a, ta zo da kwamfuta cike da tsofaffin finafinai, waɗanda aka yi shekara sittin, saba'in, har tamanin da suka wuce. Ta ce malaminsu ya ɗora musu kallon na ƙasashe daban-daban su rubuta abin da suka gani. Na ce da ita lallai zamani ya zo, a da mahaifina zai zane ni idan ya ji na leƙa gidan silima a Kano, yau kuma jarrabawa ake yi a kai. Ta ce in zauna in gani kafin in yi tsegumi. Ni dai abin da na sani shi ne majigin da ake kawo mana muna yara, ana koya mana shukar gyaɗa da haƙa masai. Na zauna don in tsokane ta, sai ga shi kullum bayan la'asar ni ne ke fara shimfiɗa tabarma. Tana kunnawa, tana fassara mana da baki, ni kuma ina rubuta sunan kowace ƙasa a littafina. Mun kai ƙasa goma sha ɗaya.

Batula, abin da na gani ya girgiza ni. Babu launi a cikinsu, baƙi da fari ne kawai, amma bayan ɗan lokaci sai ka manta. Na ga Turawan Italiya bayan yaƙi, manya da furfura, suna bin layin burodi da takalma a yage. Wallahi ban taɓa zaton Bature ya san yunwa ba. Na ga mutanen Japan suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna zama a tabarma, suna rusunawa manya kamar 'ya'yan gidan mutunci na nan Gaya. Na ga manoman Meziko da jakai da malafa suna duban sama suna jiran ruwa, fuskarsu irin ta Tukur maƙwabcinmu idan damina ta yi jinkiri. Na ga na Masar, da na Indiya waɗanda ba su da rawar da muka saba gani, da na Rasha inda ƙanƙara ta rufe har rufin ɗaki. Wata rana na yaba wani yaro mai wayo a ciki, na ce Allah ya raya shi. Kamila ta yi dariya ta ce idan yana raye ya girme ni. Na lissafa, na ga gaskiyarta. Ashe duk manyan da nake kallo suna dariya suna faɗa, ƙasa ta daɗe da rufe su. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Mahaifiyarki ba ta kula mu da farko. Takan ce tsoho da jikarsa sun rasa aikin yi sai kallon matattu. Amma tana ɓare gyaɗa a bakin ƙofa, ido yana leƙe. Ranar Asabar ta makon jiya na sama, Kamila ta sa wani na wata ƙasa a gabashin Turai. Labarin wata mata ce da yaƙi ya kora daga garinsu, tana tafe da 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar ta kamu da ciwo a hanya, ba abinci, ba magani. Sai uwar ta bar ta a gidan wasu manoma, ta kama hannun babbar suka wuce. Uwar ba ta waiwaya ba, babbar ma tana biye da ita shiru. Kawai sai muka ji mahaifiyarki ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, mai fim ɗin nan ya yi kuskure. Ta ce uwar daidai ce, haka ake yi, amma babbar ba ta tafiya shiru. Jan ta ake yi a ƙasa tana ihu, har gwiwoyinta su goge. Kamila ta tambaye ta cikin wasa yadda aka yi ta sani. Sai ta ɗaga zaninta ta nuna mana tabon nan na gwiwarta, wanda shekara hamsin da ɗaya ina jin cewa faɗuwa ta yi daga kan jaki.

Ga abin da ta faɗa mana. Tana da shekara takwas lokacin da fari ya kashe dabbobinsu a gabas, iyayenta suka taso da ƙafa suna nufin Kano. Ba ita kaɗai ba ce 'yarsu, kamar yadda ni da ku muka sani. Tana da ƙanwa 'yar shekara uku. A Toranke, nan ƙasar Ajingi, ƙyanda ta kwantar da yarinyar, guzuri ya ƙare. Wani manomi mai suna Bala da matarsa, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, suka ce a bar musu ita su yi jinya, amma da sharaɗin idan ta rayu ta zama tasu, ba mai dawowa nemanta. Kakanki ya dafa Alƙur'ani ya rantse, aka sa mahaifiyarki ma ta dafa. Ba su san a Gaya tafiyarsu za ta tsaya ba, tafiyar yini guda daga yarinyar. Kakarki ba ta cika shekara biyu a Gaya ba ta rasu. Kakanki ya riƙe rantsuwarsa har kabari. Sunan yarinyar Batula. Yanzu kin san dalilin da ya sa ranar sunanki mahaifiyarki, wadda ba ta taɓa musa mini ba, ta kafe sai wannan suna.

Na tambaye ta ko ta san abin da ya faru da yarinyar. Amsarta ta fi komai ɗaure mini kai. Ta ce ta rayu, sun sa mata Hansai, ta yi aure, ta haifi tara, bakwai na raye, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, kuma bara ta yi fama da ido. Kin tuna yadda take ƙin sayen man gyaɗa sai na matan Toranke, ina yi mata tsiya cewa nasu ba da zuma ake matsa shi ba? Ashe labari take saye. Tana tsayar da su a tsakar gida da hira, tana tambayar gida-gida don kada a gane wanda take nufi. Shekara hamsin a gabana, ban taɓa lura ba.

Washegari na je wurin Malam Muhammad Bashir, limaminmu. Ya ce rantsuwar yarinya 'yar takwas ba ta hau kanta ba, kuma ko ta babba ce, ba a rantsuwa a kan yanke zumunci. Amma don zuciyarta ta kwanta, mu ciyar da mabuƙata goma. Muka ciyar. Ranar Litinin muka ɗauki adaidaita sahu, ni da ita, muka nufi Toranke. Duk hanya tana tambayata idan aka kore mu fa.

Ɗan Hansai na fari, Abdulmumin, shi ya yi mana iso. Da matar ta fito, sai da na sake dubanta. Mahaifiyarki ce sak, har tsagen fuska, har yadda take karkata kai. Mahaifiyarki ta faɗi ko ita wace ce. Hansai ta saurara har ƙarshe, ta sa aka kawo mana ruwa da fura. Sannan ta ce ai ta daɗe da sanin matafiya ne suka bar ta, tsagen fuskarta bai bar ta ta manta ba, tun tana yarinya ake kiranta Babarbariyar Bala. Ta ce iyayenta su ne waɗanda suka kwana a kanta tana ƙyanda, kuma sun rasu. Ta tambayi mahaifiyarki ko Gaya ta koma bayan Makka ne, da za a yi shekara sittin ba a iso ba. Ta ce da ta ɗauka danginta sun mutu a hanya, har addu'a take yi musu, ashe suna nan kusa suna cin man gyaɗar garinsu. Ta yi mana Allah ya kiyaye hanya, ta shige ɗaki. Mahaifiyarki ta yi kwana uku ko koko ba ya wuce mata. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara zargin kaina da na shimfiɗa tabarmar kallon nan tun farko.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Abdulmumin a kan babur. Ya ce innarsa ta hana kowa sakat, tana so ta san abin da ya buɗe bakin da ya yi shekara sittin a rufe. Na gaya masa gaskiya, fim ne. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Washegari ya dawo ya ce ta ce a kawo mata shi ta gani.

Muka koma mu uku da Kamila. Aka sa kwamfutar a kan turmi a ɗakin Hansai, ita a gefe guda, mahaifiyarki a can ɗaya gefen, ba mai kallon wani. Kamila ta fara fassara, Hansai ta ce ta yi shiru, tana da ido. Da aka zo wurin, ni ma sai a ranar na lura da abin da mai fim ɗin ya yi. Bai tsaya da yarinyar a gidan ba. Uwar ya bi, yana nuna bayanta tana tafiya, tana tafiya, har ta sha kwana inda ba a hango ta daga gidan, sannan ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Hansai ta ce a mayar. Aka mayar. Sau uku. Sannan ta ce ita duk rayuwarta daga cikin gida take ganin ranar nan, ba ta taɓa tunanin abin da ya faru a kan hanya ba. Ta juya, karo na farko ta dubi mahaifiyarki ido cikin ido, ta tambaye ta tasu uwar me ta yi.

Mahaifiyarki ta ce tasu uwar ba ta faɗi ƙasa ba, ba ta yi kuka ba. Majanyin da take goyon yarinyar da shi ta sake ɗaurawa a bayanta, ba kowa a ciki, ta tallafe shi da hannu ɗaya kamar yadda ake tallafe ɗa, ɗaya hannun tana jan babbar. Haka ta shigo Gaya. Kuma haka take fita ɗiban ruwa da shi har ta rasu, mutanen unguwa suna cewa ta taɓu.

Fim yana ta tafiya ba mai kallo. Can Hansai ta tambayi sunan uwar tasu. Aka ce Kadijatu. Ta maimaita shi a hankali sau biyu, ta ce shekara sittin tana yi wa uwarta addu'a ba suna. Sannan ta jawo kwanon furar da ke gabanta ta tura, ta ce Yaya ta sha, ta ga ta rame. Batula, ni tsoho ne, na binne iyaye da abokai ban zubar da hawaye a gaban mata ba, amma ranar sai da na fita zaure. Mahaifiyarki ta shanye furar nan tas.

Yanzu haka da nake rubutu Hansai tana gidanmu, kwananta biyu. Suna tsakar gida suna gardama a kan wanda ya fi iya miyar kuka, Hansai kuma tana ce wa Kamila ta sa mata na Japan ɗin nan masu gaisuwa. Na ƙirga, a mako guda na sami 'ya'ya bakwai da jikoki ashirin da shida waɗanda ban san da su ba. Da aka gaya mata akwai mai sunanta na farko a Kalaba, ta ce ba ta son hoto, ba ta son waya, so take ta taɓa fuskarki da hannunta, don idonta ba ya gani sosai. Ki roƙi Salahuddeen ya ba ki izini ki taho kafin a gama girbin dawa. Matan nan biyu sun tsufa, kuma sun riga sun yi asarar lokaci mai yawa.

Ki gaishe mini da Salahuddeen da kyau, da Hafizu da 'yar autarki Baiwa, ki ce kakansu yana sa musu albarka. Badruddeen da iyalinsa suna gaishe ku, Kamila ma haka. Abdulmumin da ƙanwarsa Zulfa sun ce a gaishe da 'yar'uwarsu. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Innarki Hansai ta ce kada in haɗa tata gaisuwar da ta kowa, in rubuta ta daban, ga ta na rubuta.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Kashim