Jirgin da Ya Shigo Mini Gida Ba Sallama

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Hadiza, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki, da duk wanda ya tambaye ni da zuciya ɗaya. Wanda kuwa ya tambaya don ya ji ko na mutu, ki ce masa tukuna.

Kin san ban taɓa zama a lakkol ba, ban yi boko ba. Ni ke faɗa, Rahila ke rubutawa. Rahilar marigayi Bulus maƙwabcinmu, wadda kike yi wa kitso ranar Asabar tana ihu don ta je coci da sabon kai. Ta girma, tana da shagon gyaran salula a kasuwar Arlit. Ta ce za ta sa wasiƙar nan inda jama'a ke karantawa. Na ce ta sa, waɗanda suka ce na haukace su karanta, su sake karantawa.

Hajiya, ban manta maganarki ba. Lokacin da aka rufe ramin ma'adinai da muke aiki, unguwar ma'aikata ta watse, kowa yana ciro ƙofarsa da tagarsa yana lodawa a kamyo, babbar motar kaya, kin tsaya a bakin zaure da mayafinki a kafaɗa, kika ce, "Malam, gidan da ba a sallama a ƙofarsa ai kabari ne." A gaban yara kika faɗa. Kika hau mota, ba ki ko waiwayo ba. Na san za ki ce kin waiwayo. Ina tsaye a wurin, ban gani ba.

Maƙwabtan da na yi wa gadin ƙofar ma'aikata har gemuna ya yi fari, babu wanda ya taɓa aiko da gaisuwa. Liman ma ya tafi da lasifikar masallaci, sai ka ce gadon ubansa. Ni ke kiran salla, ni ke limanci, ni ne sahu. Ɗanki Sanusi kuma kullum a salula magana ɗaya ce, wai bayan babbar salla zai zo da kamyo. Har ya gaya mini abin da kika ce masa: "In ka tarar da shi shi kaɗai, ka ɗauko shi ko yana ihu." To, ki gyara zama ki ji yadda ta kaya.

Wata safiya ina tsakar gida ina haɗa shayi, sai na ji ƙara kamar an tsokano gidan zanzaro. Kafin in ɗaga kai wani abu ya shigo ta zaure, ya wuce ta kan rawanina, ya daki igiyar shanyarki, ya faɗo cikin kaskon gawayi. Na kife shi da kwando na zauna a kai. Da ya yi shiru na leƙa: ɗan jirgi ne marar matuƙi, faɗinsa bai kai faifai ba, farfela huɗu, ido ɗaya na kyamara a goshi, batir ɗaure a bayansa kamar goyo.

Wasu samari suka zo bakin ƙofa suna ta muzurai, wai a ba su kayansu. Na ce abin da ya shigo mini gida ba sallama ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba a miƙa shi ta kan katanga. Mai shi ya shigo ya yi bayani. Sai na ji wata murya ta ce, "Salamu alaikum, Baba." Hajiya, tun tafiyarki kunnena bai ji wannan ba a ƙofar nan. Rahila ce. Ashe jirginta ne. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaye ki, ta ce wallahi sun ɗauka babu kowa a unguwar. Kin ji ko? Ina raye, ina tari, ina kiran salla, amma wai babu kowa.

Ta yi mini bayani. Tsere suke yi da jiragen nan. Mutum yana zaune a kujera, ya ɗaura wani tabarau mai kauri da ke rufe ido ruf, abin da idon jirgi ya gani shi yake gani, yana tuƙa shi da wani ɗan akwati mai sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu. Masu tsere a wasu wurare har ƙofofi suke ƙerawa don jirgi ya bi ta ciki. Su kuwa Allah ya ba su gari guda na ƙofofi da tagogi a buɗe. Hukuma ta yarje musu, muddin ba su wuce tsayin rufin gidaje ba. Hanyar ta fara daga masallaci, ta bi ta tagar gidan Bulus, ta ƙarƙashin tankin ruwa, ta cikin tsoffin tayoyin kamyo da samarin suka rataya. Wai kuma babu lungun da ya fi daɗi kamar a shigo ta zaurena, a karya kwana a tsakar gida, a fita ta ƙofar baya.

Na ce a'a. Suka dawo na ce a'a. Sai ta ce in sa tabarau sau ɗaya kawai, ita za ta tuƙa.

Na sa. Hajiya, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Jirgi ya karkata, ni ma na karkata, sai ji na yi na faɗo daga kan turmi, samari suna ta dariya. Na tashi na ce a sake. A karo na biyu ta tafi a hankali. Na ga unguwarmu daga sama, gidaje baki buɗe kamar masu hamma. Na ga rufin ɗakinki ya huje a kusurwa, ban sani ba. Sannan na ga wani ɗan tsoho a tsakar wani gida, ƙanƙane, da wani abu a fuska. Har na fara jin tausayinsa. Ashe ni ne. Na cire tabarau na ce hayaƙin gawayi ne ya shigar mini ido.

Na yarda, amma da doka. Masu tuƙi za su jera kujerunsu a ƙofar gidana, ƙarƙashin bishiyar bedin da kika shuka. Duk wanda jirginsa zai shiga zaure, sai ya ɗaga murya ya yi sallama kafin ya shiga, a kowane zagaye. Na rataya asabarinki a ƙofar baya, na ɗaura masa igiya, igiyar tana hannuna. Wanda ya shigo ba sallama, in saki asabari, ya fita ta inda zai iya. Suka ce, "Baba, a duniya babu inda ake haka." Na ce a duniya babu inda ake tsere a tsakar gidana.

Kar ki ce na yi son kai. Wadda na fara sakar wa asabari ita ce Rahila da kanta. Suna gwaji, hankalinta ya tafi kan kwana, ta shigo baki rufe. Farfela biyu suka karye, waya ta tsinke. Ta yi kwanaki ba ta shan shayina. A zaurena ta zauna tana liƙa wayar da dalma tana ƙunƙuni, wai tsohon nan ko shugaban ramin ma sai da ya tsayar a ƙofa. Gaskiya ne, na tsayar da shi, kin tuna. Tun daga ranar ba ta ƙara mantawa ba.

Randarki ma ta samu aiki. Baturan nan ba sa son zafi, kin kuwa san ranar Arlit. A gindin randar ake jera su kan jiƙaƙƙen buhu, faranti mai shan rana yana kan rufi yana cika su. Kwandon tsintsiyarki ya cika da karyayyun farfela, ja da kore da ruwan ɗorawa. Na san abin da za ki ce. Ki zo ki faɗa a nan.

Labari ya kai Agadez. Masu tseren can suka aiko cewa za su zo a kara, da gwaninsu Alhusaini, wani dogon Ba'abzine da ake cewa ba a taɓa ganin bayansa ba. Aka sa rana bayan babbar salla. Ni kuwa na kira Sanusi na ce ya zo da kamyonsa ranar nan. Ya ɗauka na saduda. Har godiya ya yi mini.

Ranar, tun da hantsi 'yan kabu-kabu ke sauke mutane. Masu lambu suka zo, direbobin mota suka zo, makiyaya daga wajen Dannet suka tsaya da raƙumansu suna kallo daga nesa. Mai tsire ya kafa tukubarsa a gindin katangar Bulus. An kafa wani babban allon talabijin a jikin masallaci, abin da matuƙi ke gani kowa na gani. Ni ina bakin zaure a kan buzuna, igiya a hannu.

Ana cikin haka sai ga ɗanki da kamyo, da 'yan lodi, da igiyoyin ɗaure kaya. Ya rasa inda zai tsaya. Kafin ya kashe mota yara da manya sun ɗare bayanta, sun samu wurin kallo. Ya kutsa da ƙyar ya iso gare ni, baki buɗe. Na ce, "Kai, haka uwarka ta koya maka shiga gida?" Sai da ya koma baya ya yi sallama.

Aka yi ta karawa, ana fitar da waɗanda suka faɗi. Jirgi ya daki tanki ya tarwatse, wani ya maƙale a taya. Sallama kuwa, Hajiya, kamar ruwan sama. Wannan bai rufe baki ba wancan ya ɗauka, ina amsawa har muryata ta dishe. 'Yan kallo ma suka shiga taya ni, duk wanda ya yi sallama sai fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Wa alaikumus salam!" Ina ma kina nan kika ji kabarin naki.

Aka rage su biyu, Rahila da Alhusaini. Zan faɗi gaskiya ko da tana harara ta: ya fi ta gudu. Jirginsa baƙi ne, in ya wuce sai dai ka ji iskarsa. Amma ita a unguwar nan ta yi rarrafe, ta san kowace taga, tana manne da shi kamar kaska. Zagayen farko ya yi sallama, na amsa. Na gaba ma haka. A na ƙarshe ta matso shi a ƙarƙashin tanki har farfelarsu ta kusa haɗuwa. Na dubi fuskarsa, ya cije leɓe, gumi na bin rawaninsa. Baƙin jirgi ya nufo zaure. Na kasa kunne. Shiru.

Na saki igiya.

Jirginsa ya afka cikin asabari kamar kifi a koma, nauyinsa ya yage gefe guda. A daidai lokacin muryar Rahila ta tashi, "Salamu alaikum, Baba!" Na amsa, jama'a suka amsa, ta karya kwana ta bi ta gefen da ya yage, ta fice. Fili ya kaure. Guɗa, ihu, ƙahon babura. Na waiga na ga ɗanki a kan rufin kamyo yana tsalle, hularsa a hannu.

'Yan Agadez suka taso da hayaniya, amma Alhusaini ya tsayar da su. Ya cire tabarau, ya zo ya tsuguna gabana yana dariya, ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, "Baba, baki yana nan, jirgi tana can, hankali ya rasa wanda za ta bi." Na ce duk uku naka ne, ka haɗa su. Ya sha shayina har kofi na uku, ya rantse sai ya dawo ya rama. Na ce ƙofa a buɗe take, ya dai san doka.

Da azahar, Hajiya, masallacinmu ya cika har waje. Aka tura ni gaba. Na juya na ce a daidaita sahu, ni da na saba zama sahu ni kaɗai.

Da yamma Sanusi ya zauna kusa da ni yana sosa ƙeya, ya ce me zai gaya miki. Na ce ya gaya miki abin da kika ce: in ya tarar da ni ni kaɗai. Ya dubi mutanen da ke kwashe kujeru. Kamyo ya koma wayam. Na ci, Hajiya. Ki yarda kawai, ba zai rage ki da komai ba.

Amma tunda Rahila ta ajiye dariya tana jira, bari in faɗi sauran. Ba kullum ake tsere ba. In sun watse, bedi ne kawai ke motsi. Har yanzu kofi biyu nake wankewa da safe, hannuna ya ƙi koyon ɗaya. Rufin ɗakinki na gyara shi da kaina, na hau tsani samari suna ta salati. Sun roƙe ni in buɗe musu tagar ɗakin, wai za ta yi daɗin kwana. Na ce wannan tagar ba ta cikin tsere. Tana nan a rufe yadda kika bar ta, har tsumman da kika cusa a gefenta. Makullin ɗakin na ba Sanusi ya kawo miki, ki tambaye shi, yana aljihun gabansa. Ba ni da wani.

Ban ce ki dawo don ni ba, ni lafiyata ƙalau. Asabarinki ne ya yage, babu wanda ya iya ɗinkinsa, kuma 'yan Agadez na nan dawowa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya raya mana zuriya. Allah ya sa kada ƙofar kowa ta rasa mai sallama. Allah ya kawo ki lafiya, ya tsare hanya.

In kin iso, ki yi sallama. Doka doka ce, ko ke ban ɗauke miki ba. Sai dai zan amsa tun kafin ki rufe baki.

Ni ne maigidanki, da ke nan inda kika bar shi,
Malam Idi Mai Gadi, Arlit.